Ƙarfe da Tagulla a Endometiriyosis: Kada Mu Yi Gaggawa

Hujjar ƙarfe tana da tushe. Jinin al'adar da ya koma cikin mara yana rushewa ya saki sinadarin ƙarfe, wanda yawansa ke lahanta ƙwan mace. Amma fa a mara ya taru, ba a jini ba. Mai wannan cuta tana iya fama da ƙarancin jini a lokaci guda, don haka kar wata ta ajiye maganin ƙarin jininta saboda wani kanun labari.

Tagulla kuwa, nan nake da ja. Ganin ta yi yawa a jini bai isa hujja ba, domin kumburi da estirojin su kansu suna ƙara seruloplasmin, furotin ɗin da ke ɗauke da ita. To, wa ya jawo wa?