Dillalan fim a gaban alƙali: nazarin fim ɗin TPB AFK

A watan Fabrairu na shekarar 2013 aka nuna fim ɗin TPB AFK a bikin fina-finai na birnin Berlin, a lokacin kuma aka sake shi kyauta a intanet. Simon Klose, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya shirya shi. Fim ne na abin da ya faru da gaske: shekaru da dama yana bin wasu samari uku, Gottfrid Svartholm da Fredrik Neij da Peter Sunde, yayin da ake yi musu shari'a. Su ne suka riƙe The Pirate Bay, wato Mashigin Ƴan Fashin Teku, wanda aka kafa a 2003, inda miliyoyin mutane ke samun fina-finai da waƙoƙi ba tare da biyan ko sisi ba.

Sai mai karatu ya gane yadda aikin yake kafin ya gane shari'ar. Samarin ba su ajiye fim ko ɗaya a kwamfutocinsu ba. Abin da suke yi shi ne nuna wa mai nema inda zai sami abin da yake so a hannun wani. Aikin dillali ke nan a kasuwar dabbobi: sa ba nasa ba ne, amma ba don shi ba ciniki bai faɗa ba. Tambayar da ke gaban kotu ita ce ko dillalin kayan da aka ɗauka ba da izini ba yana da laifi, kuma nawa ce la'adarsa. Masu gabatar da ƙara sun ce kuɗin talla mai yawa ya shiga aljihunsu. Su kuwa suka ce kuɗin a kula da injuna ya ƙare. Ranar 17 ga Afrilu 2009 kotun Stockholm ta yanke wa kowannensu, tare da attajiri Carl Lundström da ya taimaka musu, ɗaurin shekara guda, ta kuma ɗora musu biyan diyyar kurona miliyan 30 a haɗe. Da suka ɗaukaka ƙara a 2010 an rage ɗaurin Neij da Sunde da Lundström, amma diyya ta hau miliyan 46.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne yadda ya ƙi mai da su jarumai. Klose ya nuna mana ma'aikata: mutane masu ƙarancin barci, masu hulɗa da wayoyi da injuna a ɗakunan da rana ba ta shiga, masu yi wa juna ba'a da gori. Neij bai ɓoye cewa daɗin warware matsalar fasaha ne ya ja shi ba, kuma kyamara ta kama shi cikin maye yana faɗin maganganun da ba za su yi wa masoyansa daɗi ba. Svartholm ya nufi Kambodiya, Neij ya koma Lawos ya yi iyali. Sunde kaɗai ke magana da harshen aƙida. Daga bakinsa sunan fim ɗin ya fito: da aka tambaye shi a kotu yaushe suka fara haɗuwa a rayuwa ta zahiri, sai ya nuna cewa a wurinsu intanet ma zahiri ce, abin da suke cewa kawai shi ne sun haɗu nesa da allon rubutun kwamfuta. Wannan musaya ta ɗan lokaci ta isa ta nuna ratar da ke tsakanin alƙalan da waɗanda ake tuhuma.

Sai dai fim ɗin yana da giɓi biyu. Na farko shi ne siyasa. A watan Janairu 2006 Rick Falkvinge ya kafa Piratpartiet, Jam'iyyar Ƴan Fashin Teku, mai neman a sassauta dokar haƙƙin mallaka a kuma hana hukuma leƙen saƙonnin jama'a. Samamen da ƴan sanda suka kai wa injunan The Pirate Bay ranar 31 ga Mayu 2006 ya cika ta da matasa, hukuncin 2009 ya ƙara mata. A zaɓen Majalisar Turai na watan Yuni 2009 ta sami kashi 7,1 cikin 100, Christian Engström ya zama wakilinta, daga baya Amelia Andersdotter ta bi shi. Wannan babban labari ne: ƙaramar jam'iyya da ba ta jingina da ɓangaren dama ko na hagu ba ta tilasta wa manya su saurari abin da suka raina. Amma Klose ya bar ta a gefe, kamar hayaniyar da ake jiyowa daga bayan katanga. Da ya zurfafa, da ya nuna iyakarta ma: a zaɓen majalisar ƙasa na 2010 ba ta kai ko kashi 1 ba, alhali sai da kashi 4 ake shiga, a 2014 kuma ta rasa kujerunta na Turai. Takwararta ta Jamus ta sami kashi 8,9 a Berlin a 2011, ba a daɗe ba rigimar cikin gida ta cinye ta. Ta ƙasar Cek ce ta yi nisa, har ta shiga gwamnati daga 2021 zuwa 2024, saboda ta faɗaɗa zancenta zuwa yaƙi da cin hanci da gyaran aikin hukuma. Fushi a kan abu guda yakan tara taro, amma da wuya ya riƙe jam'iyya.

Giɓi na biyu ya fi shafarmu. A fim ɗin, masu kuka da satar fasaha lauyoyin manyan kamfanonin Amurka ne, kuma da sauƙi mai kallo ya ƙi tausaya musu. Ƙaramin mawaƙi ko mai haɗa sauti wanda abincinsa ke cikin aikin nan ba a ba shi fili ba. Mu kuwa a Maraɗi da Damagaram mun san shi. Mun ga yadda kwafin kaset da faifai, sannan tura fim a katin waya, suka karya kasuwar fina-finan Hausa na Kano, mun kuma san cewa kasancewar hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa bai hana mawaƙa da yawa tsufa hannu wofi ba. A ɗaya gefen, malamin da ke neman littafin da babu shi a kowane kanti a garinsu ya san amfanin ƙofar da irin waɗannan samari suka buɗe. Gaskiya biyu ne, fim ɗin ya ɗauki guda ya bar guda.

Duk da haka ya cancanci kallo, musamman a ƙungiyoyin al'adu da azuzuwan manyan ɗalibai, tun da mai shi ya yarda a yaɗa shi. Ya kamata mai gabatarwa ya ƙara da abin da ya biyo baya: an kama Svartholm a Kambodiya a 2012, Sunde da Neij a 2014, dukkansu sun sha ɗauri. Bayan kallo sai a gayyato mawaƙi ko marubucin garin ya zauna tare da matasa masu tura waƙoƙi a kasuwa, a tattauna yadda ilimi zai yaɗu ba tare da mai shi ya kwana da yunwa ba.