'Yar Tsanar Ɓawon Masara: Sharhi a Kan Wasan Kaka na Yaran Amurka

Gabatarwa

A ƙasar Amurka, idan kaka ta kama daga watan Satumba zuwa Nuwamba, akan tara yara a makarantu da gidajen tarihi a koya musu ɗaurin 'yar tsana da ɓawon masara. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan wasa, ta fito da amfaninsa, sa'an nan ta nuna giɓin da ke cikin yadda ake koyar da shi.

Asali da Yadda Ake Yi

Masara dai a kudancin Meziko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga can ta bazu. Cikin al'ummun da suka riƙe ta hannu biyu akwai Hodinoshoni, waɗanda Turawa suka kira Irokwa, mazauna Jihar Niyok da kudancin Kanada. Ƙabilu shida ne: Mohok, Onaida, Onondaga, Kayuga, Seneka, da Tuskarora. Masara da wake da kabewa su suke kira 'yan'uwa mata uku, domin a gona ɗaya ake shuka su. Ɓawon ma ba a zubarwa, da shi ake saƙa tabarma da takalma da 'yar tsana.

Ɗaurin ba shi da wuya. Akan jiƙa busasshen ɓawo a ruwan ɗumi har ya yi laushi, a haɗa huɗu ko shida a ɗaure bakinsu, a juye su a sake ɗaurewa, kai ya fito ke nan. Sai a naɗe wani ɓawon a cusa a tsakiya ya zama hannuwa, a ɗaure ƙugu, a bar sauran ya zama zane. Gemun masara shi ne gashi. Fuska kuwa a al'adar Hodinoshoni ba a zana ta.

Jigon Labarin

Rashin fuskar yana da labari, kuma ruwayoyinsa sun sha bamban. Wadda ta fi yaɗuwa tana cewa an yi 'yar tsanar ne domin ta ɗebe wa yara kewa, aka ba ta kyakkyawar fuska. Da yabo ya yi yawa, sai ta tare a bakin ruwa tana kallon kanta, ta manta da yaran. Aka yi mata kashedi ba ta ji ba, Mahalicci ya karɓe fuskar.

Masu koyarwa da dama kan tsaya a kan cewa jigon shi ne girman kai, wanda Bahaushe ya kira rawanin tsiya. Wannan gaskiya ne, amma bai cika ba. Idan aka bi zubin labarin za a ga kyau kyauta ce aka ba ta, ba a kuma hukunta ta a kansa ba. Laifinta shi ne sakin aikin da aka ɗora mata. Ashe babban jigon riƙon amana ne. Wanda ya rage shi zuwa gargaɗi ga 'yan mata kada su yi kwalliya ya tauye shi.

Armashin Wasan

Abin yabo na farko shi ne yaro da hannunsa yake yin abin wasansa, daga abin da gona ta bari. Na biyu, rashin fuska yana buɗe wa tunanin yaro ƙofa: yau 'yar tsanar tana murna, gobe tana kuka, yadda mai ita ya so. Na uku, darasin yana jikin abin wasan, duk wanda ya tambayi dalilin rashin fuska ya jawo labarin. Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu ba a nan, domin yaran ƙasar Hausa ma da kaka suke samun karan da suke yin 'yar tsana da motar kara.

Inda Giɓin Yake

Sau da yawa akan gabatar da wasan a matsayin sana'ar Turawan farko da suka zauna a Amurka, alhali su ma a wurin 'yan ƙasa suka koyi masarar. Wani lokaci kuma a ce labarin "na Indiyawa" ne, ba a ambaci sunan kowace ƙabila ba, kamar mutanen sun ƙare, alhali suna nan da ransu suna ɗaurin har yau. Akan kuma miƙa wa yara alƙalami su zana ido da baki, wanda yin haka share ma'anar ne gaba ɗaya.

Babban giɓin shi ne na tarihi. A 1779, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, Joj Washinton ya tura Janar Jon Suliban ƙasar Hodinoshoni, aka ƙone garuruwa kimanin 40 tare da gonaki da rumbunan masara. Ba a ce a tsorata ƙananan yara da labarin yaƙi ba, amma malamin da ya san wannan ba zai ɗauki ɓawon a matsayin ado kurum ba. Hukumar Amurka ma ta yi doka a 1990 wadda ta hana sayar da kayan hannu da sunan na 'yan ƙasa ne idan ba su suka yi ba.

Kammalawa

Wasan ya cancanci a ci gaba da shi, bisa sharaɗi uku: a ambaci masu shi da sunansu, a ba da labarin cikakke, a kuma bar fuskar yadda masu ita suka bar ta. Wannan ma'auni ya shafi duk mai koyar da wasannin gargajiya, har da malaman Hausa. Duk wasan da aka raba da labarinsa da masu shi, ɓawo ne kawai ya rage a hannun yaro.