Gwanintar Ƙwato Gida Daga Bakin Gwanjo

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A unguwar Wadata ta Yamai a Nijar, inda kasuwa da tashar mota da cibiyar masu sana'ar hannu suke maƙwabtaka, da wuya a sami mai jarin da bai taɓa cin bashi ba. Wanda ya nemi kuɗi masu kauri a banki, takardar gidansa za a fara tambaya. Ya jinginar, ya saro kaya, sai kasuwa ta juya masa baya, kamar yadda ta yi wa ƴan kasuwa da dama a 2023 lokacin da aka rufe iyaka, kayansu suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Wata safiya sai wisiye, ma'aikacin shari'a mai kai sammaci, ya yi sallama da takarda a hannu. A nan yawancin mutane ke sallama gida. A nan kuma gwanin lauya yake fara aiki.

A Amurka, magidancin da bashi ya ci ƙarfinsa yana iya kai kansa kotu a ƙarƙashin babi na 13 na dokar karayar arziki, nan take a dakatar da sayar da gidansa, a tsara masa biya cikin shekara 3 zuwa 5. Nijar ba ta da irin wannan ƙofa ga kowa da kowa. Abin da take da shi dokokin OHADA ne, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, wadda ƙasashen Afirka 17 suke aiki da ita. Ƙofofin da ke cikinsu ƙanana ne, kowace kuma da ranar rufewarta. Gwanintar duka tana ga sanin wacce ce a buɗe yau.

Shi ya sa gwani ba ya fara tambayar nawa ake bin ka. Tambayarsa ta farko ita ce, “Alhaji, yaushe aka kawo takardar?” Gargaɗin da wisiye ya kawo yana ba da kwana 20 a biya. In sun cika ba a biya ba, sai a yi wa gargaɗin rajista a ofishin filaye, daga ranar gida ya shiga hannun shari'a, mai shi ba ya iya sayarwa ko sake jinginarwa. Daga nan mai bin bashi yana da kwana 50 ya ajiye kundin sharuɗɗan gwanjo a kotu. Sai a sa ranar zaman sauraron ƙorafi, kuma duk abin da mai gida zai ce dole ya shiga a rubuce kwana 5 kafin zaman. Wanda ya makara ya yi asarar bakinsa, ko da gaskiya na hannunsa.

Bayan lissafin kwanaki sai karatun takarda, layi bayan layi. Shin akwai hukunci ko takardar noter, jami'in da ke tabbatar da yarjejeniya, da ta ba da ikon tilasta biya? An bayyana gidan daidai da lambarsa? Kuɗin da aka rubuta su ne ainihin bashin, ko an cusa ruwan da ba a yi yarjejeniya a kansa ba? Farashin buɗe gwanjo ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gidan, kamar yadda doka ta ce? In kuma bashin ba na jingina ba ne, sai an fara da kayan da ake iya ɗauka kafin a taɓa gini. Kuskure ɗaya na mai bin bashi yana iya mayar da aikin farko.

Amma gwani ya san kuskuren takarda lokaci kawai yake sayowa, bashi na nan daram. Don haka yake neman hanyar biya. Doka ta ba alƙali ikon jinkirta biya ko rarraba shi har tsawon shekara ɗaya, in ya dubi halin mai cin bashi da buƙatar mai bi. Akwai kuma wata hanya da ta dace da Wadata, inda gidaje da yawa ke da shaguna a gaba da ɗakunan haya a ciki: in mai gida ya nuna cewa kuɗin hayar shekara 2 za su biya uwar kuɗi da ruwa da kuɗin shari'a, ya kuma yarda a riƙa miƙa su kai tsaye ga mai bin bashi, kotu na iya tsayar da gwanjo. Gida ya biya wa kansa bashi ke nan.

Babbar ƙofa ita ce ta masu sana'a. Dokar OHADA kan kamfanonin da suka shiga matsi, wadda aka sabunta a 2015, ta haɗa da duk mai cin gashin kansa: ɗan kasuwa, baduku, maƙerin azurfa, manomi. Ɗan albashi ba ya ciki. Wanda ya ga guguwa tafe, amma bai kai ga kasa biya gaba ɗaya ba, yana iya zuwa kotun kasuwanci ta Yamai da tayin sulhu. In shugaban kotu ya ga tayin da ƙwari, sai ya naɗa ƙwararre, ya dakatar da masu bin bashi na wata 3, ana iya ƙara wata ɗaya. Dakatarwar ta shafi har bankin da ke riƙe da jingina. In aka amince da sulhun, ana iya shimfiɗa biya har shekara 3.

Ba kyauta ba ce. Mutum zai buɗe littattafansa gaba ɗaya, ba zai biya wani tsohon bashi a ɓoye ba, ba zai sayar da kadara ba sai da izini. In kuma aka tarar kasuwar ta riga ta mutu, kotu na iya ba da umarnin a sayar da komai, har da gidan. Saboda haka lauyan kirki yakan ce wa wani kar ya bi wannan hanya, ya kira ƴan'uwa a haɗa kuɗi, ko a sayar da filin bayan gari a tsira da gidan iyali.

Abin da ya fi ba gwani wahala shi ne kunya. Magidanci yakan cusa takardar wisiye ƙarƙashin katifa, ya ɓoye wa uwargida, ya ɓoye wa ƙannensa, yana jiran wani ciniki ya faɗa. Kafin ya buɗe baki, kwana 20 sun wuce, kundin gwanjo ya shiga kotu. Doka ta tanadi sauƙi ga wanda ya zo da wuri da lissafi na gaskiya. Duk wanda takarda ta iske a ƙofar gida, ya rubuta ranar, ya nemi masani a makon nan.