Sharhi a kan Yadda Littattafan Makaranta ke Gabatar da Fata da Buri na Ingilishi ga Ɗalibi Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Tun a 1957 Robert Lado ya nuna a littafinsa Linguistics Across Cultures cewa mai koyon baƙon harshe yakan shige shi ne ɗauke da ɗabi'un harshensa na gado. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da bugunta na 2004, sun tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa kafin a koma ga Ingilishi. Bisa ga haka, ya kamata darasin Ingilishi ya ginu a kan abin da yaro ya riga ya sani. Wannan sharhi zai duba ɓangare guda inda, a ganinmu, ba a yi hakan ba, wato bayyana fata da buri.

2.0 Yadda Bature ke Fata

Ingilishi ya raba fata gida biyu. Idan abin da ake so zai iya faruwa, aikatau "hope" ake kawowa: "I hope he comes." Idan kuwa abin ya saɓa wa zahiri, sai a kawo "wish", a kuma ja aikatau na gaba zuwa shuɗaɗɗen lokaci. Wanda ya ce "I wish I had money" ba labarin jiya yake bayarwa ba, yau ne ba shi da kuɗi. In nadama ce a kan abin da ya wuce, sai a ƙara ja baya taki ɗaya: "I wish I had known." Akwai kuma tsohuwar sigar addu'a da ta saura a maganganu irin su "May you live long."

Abin lura a nan shi ne, "wish" tana da wasu fuskoki biyu. A "I wish you success" fatan alheri ne zalla, domin suna ne ya biyo baya. A "I wish to apply" kuwa, "ina so" ce cikin rigar ofis.

3.0 Inda Gizo ke Saƙar

A littattafan da muka duba, abin da aka fi yi shi ne jera "wish" da "hope" a fassara su duka da "fata", sannan a ba ɗalibi doka ya haddace. Wannan fassara ba ƙarya ba ce, amma rabin gaskiya ce, kuma ɓarnarta a fili take. Ɗalibin da ya rubuta wa abokinsa "I wish you passed the exam" yana nufin Allah ya sa ka ci, amma abin da kunnen mai Ingilishi zai fi karkata gare shi shi ne abokin ya riga ya faɗi. Fatan alheri ya koma jaje. Irin wannan kuskure kan janyo asarar maki a rubutun wasiƙa na jarrabawar WAEC da NECO.

Abin takaici, Hausa ba ta rasa wannan bambanci ba. Bahaushe yakan ce "ina fata ya zo" ko "Allah ya sa ya zo" idan ƙofa a buɗe take. Idan a rufe take, sai ya ce "ina ma ina da kuɗi" ko "da ma na je." Karin maganar nan, da na sani ƙeya ce, ta ishe mu shaida cewa yaro ya san nadama a nahawunsa tun kafin ya taka makaranta. Bambancin kawai shi ne, Hausa ta ɗora nauyin a kan 'yan kalmomi, "ina ma" da "da ma", ta bar lokacin aikatau yadda yake, alhali Ingilishi ya ɗora shi a kan lokacin aikatau. Haka nan, lokaci umartau na "Allah ya ja zamaninka" shi ne takwaran sigar "May".

4.0 Kammalawa

Muna ganin laifin ba na ɗalibi ba ne, na tsarin darasi ne da ya ɗauki kalma ya bar jimla. Shawararmu ita ce a fara da jimlolin Hausa guda biyu a allo, "ina fata" da "ina ma", ɗalibai su faɗi bambancinsu da bakinsu, sannan a ajiye "hope" a ƙarƙashin ta farko, "wish" a ƙarƙashin ta biyu. A jinkirta "I wish you success" da "I wish to apply" zuwa wani darasi na dabam, a koyar da su a matsayin daskararrun maganganu. Malamin da ya bi wannan hanya ba sabon tunani zai cusa wa yaro ba, sabuwar riga kawai zai ba tunanin da yake da shi.