Awo Ɗaya Bai Isa Hujja Ba a Dashen Haƙori

Tun lokacin da likitan nan na ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura a shekarar 1952 cewa ƙarfen titaniyom da ya sa a ƙashin zomo ya manne har ya ƙi ciruwa, sa'an nan a 1965 ya kafa wa mutum na farko haƙora bisa wannan ƙarfe, ilimin dashen haƙori ya ginu a kan sharaɗin haƙuri, domin kuwa shi da almajiransa ba su ɗora haƙori a kan ƙusar da suka kafa sai ta yi wata uku a muƙamuƙin ƙasa, ko wata shida a na sama, wanda ƙashinsa ya fi taushi.

Yau zamani ya zo da na'urori irin su Osstell, wadda ke girgiza ƙusar da maganaɗisu, ta auna amsawarta, ta ba da lamba daga 1 zuwa 100. In ta haura 70 a ce ta kafu, in ta gaza 60 a ce a jinkirta. Ni ban ƙi wannan mizani ba, asali ma ni'ima na ɗauke shi, tun da ya fi ƙwanƙwasa ƙarfe a saurari ƙararsa, yadda aka saba a da. Abin da ke damuna shi ne yadda waɗansu likitoci, don son a ce sun ba mutum haƙori a yini guda, suke mai da lambar ranar farko hujja mai yanke shakka, alhali kuwa ba ta shaida kome ba face yadda ƙusa ta matse a cikin raminta. Wannan riƙo na zahiri raguwa yake yi, sabili da ƙashin da aka huda sai jiki ya cinye shi tukuna, kana sabo ya tsiro ya rungumi ƙarfen. Shi ya sa wajen mako na uku zuwa na huɗu dashe ya fi rauni, tsohon riƙo ya saki, sabo bai ƙarfafa ba. Ga mai shan taba, ko mai ciwon sukari da bai daidaita ba, wannan zango yakan ƙara tsawo.

Awo ɗaya zato ne. Yaƙini sai an maimaita, a ga ko lamba hawa take ko sauka, a haɗa da hoton ƙashi da halin dasashi. Kai mai niyyar dashe, in likita ya ce ka dakata wata biyu ko uku, kada ka matsa masa, kuma ka roƙe shi ya sake awo kafin a ɗora haƙorin.