Basasar Kano a takarda: wa ya rubuta, wa aka rubuta?

A wajen aikinmu na rubuta manhaja, idan tsari ya rushe, rajistar na'ura muke fara buɗewa. Amma kowane ɗan sana'a ya san rajista tana adana abin da aka ba ta izinin adanawa ne kawai. Wannan tunanin bai bar ni ba duk tsawon karatun da na yi wa littafin Adamu Mohammed Fika, The Kano Civil War and British Over-rule, 1882–1940, wanda ya fito a 1978.

Labarin sananne ne. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa Waziri Buhari ya naɗa Tukur ɗan marigayin. Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi da 'yan'uwansa suka fice zuwa Takai, suka ɗaura yaƙi. Yusufu ya rasu a 1894, Aliyu Babba ya karɓi tuta ya shiga birni, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895.

Ƙarfin Fika shi ne bai ɗauki basasar a matsayin rigimar 'yan gida ɗaya kawai ba. Ya nuna yadda rabon sarautu da tuɓe masu riƙe da su a zamanin Bello ya tara ɓacin ran da ya fashe daga baya. A nan littafin ya cancanci yabo.

Inda na yi tuntuɓe shi ne gabas. Yusufawa a ƙasarmu suka tara ƙarfi, kuma Gaya na cikin garuruwan da aka gwabza. Amma wasiƙun wancan zamani da Larabci aka rubuta su, daga fada zuwa fada: sarki yana neman izini, waziri yana isar da umarni. Manomin da dawakai suka tattake masa dawa a karkarar Ajingi ba shi da magatakarda. Duk marubucin da ya tsaya a kan irin waɗannan takardu, ko ya so ko bai so ba, daga soron fada zai hango yaƙin.

Kakata, Allah ya jiƙanta, idan tana son ta ce abu ya tsufa, sai ta ce tun basasa yake. Ban taɓa tambayarta me ta ji daga iyayenta ba, ta tafi da shi. Takardun da ke Kaduna da Gidan Ɗan Hausa za su jira mai bincike, tsofaffin Gaya kuwa ba za su jira ba.

A karanta Fika, ya isa a karanta shi. In an gama, a ɗauki wayar nan da ke hannu, a je zaure a naɗi muryar wanda ya rage.