Jinjina ga Dattawan Nassarawa Masu Bokitin Ban-ruwa

Dokar aikin gwamnati ba ta da kara: shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, sai a miƙa makullin ofis. To, ina mutum zai kai safiyarsa?

A Nassarawa GRA, unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu da makeken fili, wasu dattawa sun samu amsa a harabar gidajensu. Bi ta titin Alu bayan asuba ka gani. Tsohon babban sakatare, wanda a da sa hannunsa ke motsa miliyoyi, ga shi tsugune gaban zogale yana murnar sabon toho. Jiya ya gyara famfon da ya daɗe yana ɗiga, bai kira kowa ba. Matarsa Hajiya ta sha labarin sau uku kafin azahar.

Ni kam sun burge ni. Fansho kan makara, gwiwa kan yi ƙara, amma mangwaron gidan tsohon sakataren ya yi fure da hunturu, kuma zafin Afrilu na shigowa jikoki za su fara kai wa maƙwabta a kwando.

"Alhaji, na gida ne?"

"Da hannuna na dasa shi. Alhamdulillahi."